Mota ta wuce mai keke ta sha gabansa a bakin gidan mai: nazarin wani karo a Sakkwato

Akwai wani irin karo tsakanin mota da keke wanda mutanen da suka taru a wurin sukan yanke hukuncinsa a baibai. Mota ce za ta wuce mai keke, ba ta yi nisa ba sai ta karya dama ta sha gabansa, shi kuma ya afka mata a gefe. Tunda keken aka ga ya bugi mota, sai a ɗora wa mai keke laifi, a ba shi haƙuri da ɗan abin gyara, kowa ya kama gabansa. Lamarin da ke tafe misali ne da aka gina a kan irin wannan karo a titunan Sakkwato, domin a ga inda doka ta ajiye kowa, da yadda haƙƙin mai keke yake zubewa tun ba a ɗaga kekensa daga ƙasa ba.

Yadda abin ya faru

Mutumin ɗan gwari ne, magidanci mai kimanin shekara 50, yana ɗauko kayan lambu daga fadamun Rima ta wajen Kwalkwalawa yana shigo da su kasuwa cikin gari. Kekensa irin na da ne, Phoenix mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, wanda sanduna ke ja maimakon waya. A kan kariya ya ɗaure solo biyu na tattasai da albasa, ɗaya a kowane gefe, nauyinsu wajen kilo 50, faɗin kayan duka kusan mita ɗaya. Lokacin hunturu ne, ƙarfe 7:30 na safe, gari ya waye sarai, sai ɗan hazo.

Titin na cikin gari ne, mai layi biyu a kowane hannu. Yashi ya kwanta a bakin kwaltar har ya cinye kusan mita ɗaya. Siririyar taya ba ta shiga yashi da kaya ta fita lafiya, don haka mutumin yana bin tsabar kwalta daidai inda yashin ya ƙare, gudunsa bai wuce kilomita 15 a awa ba.

Wata ƙaramar motar gida ta taho ta bayansa da gudun kusan kilomita 40. Direban matashi ne, zai shiga gidan mai da ke hannun dama. Saura kamar mita 20 a kai bakin gidan man, ya danna oda, ya raɓa ta hagun keken ya wuce, ya taka birki, ya kunna sigina daidai lokacin da yake murza sitiyari. Hancin motar ya shiga ke nan sai ga ɗan kabu-kabu yana fitowa, direban ya ƙara take birki. Motar ta tsaya a gicciye, rabinta a kan titi. Mai keken ya matse birki iya ƙarfinsa, tayar baya ta ja ƙasa, ta gaba ta daki ƙofar baya ta dama. Ya faɗi a kan hannunsa na dama, kansa ya bugi kwalta, tattasai ya watse.

Direban ya fito yana cewa, "Haba Baba! Ai na sa sigina, ba ka gani ba?" Wani cikin masu jiran shan mai ya ce, "Mi ya kai keke tsakar hanya?" Wani dattijo ya shiga tsakani: "Tsautsayi na, a yi hanƙuri." Aka janye keken gefe, aka tsince abin da ya tsintu na kaya, aka ce direba ya gyara motarsa ta tare hanya. Fok ɗin keken ya lanƙwashe baya, rim ɗin gaba ya naɗe. Direban ya miƙa N10,000 ya ce a yi gyara, ya ce lotsewar ƙofarsa kuma ya yafe. Mai keken ya yi godiya. Babu wanda ya rubuta lambar motar.

Da dare hannu ya kumbura, washegari aka kai shi wurin mai ɗori. Sai bayan kwana huɗu, da yatsun suka fara sanƙarewa suna sauya launi, aka tafi asibiti. Hoto ya nuna karaya a ƙashin da ke dab da wuyan hannu. Irin wannan karaya takan ɗauki kamar mako shida a ɗaure, kafin a zo kan motsa hannun da dawowar ƙarfinsa. Ga mutumin da abincinsa ke kan riƙon kan keke, mafi albarkar lokacin lambu ke nan ya wuce shi yana zaune.

Matsayin keke a kan titi

Dokokin da ke tafiyar da hanya a nan su ne dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta 2007, da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012, da kundin ƙa'idojin hanya da ake ba masu neman lasin tuƙi, sai dokar hanya ta jiha. Kundin ya lissafa masu keke cikin masu amfani da hanya, ya kuma ware musu nasu ƙa'idojin. Inda aka hana keke shi ne babbar hanyar da aka ayyana a matsayin ekspres. Titin cikin gari, ko Ahmadu Bello Way ne ko hanyar Maiduguri ko ta Sultan Abubakar, mai keke yana da damar binsa kamar yadda mai mota yake da ita.

Masu cewa mai keke ba ya biyan kuɗin lamba, ba shi da lasin, saboda haka alfarma ake yi masa, sun juya maganar. Lasin da lamba da inshora sharuɗɗa ne da aka ɗora wa mai inji saboda abin da yake tuƙawa yana iya kisa, ba kuɗin sayen titi ba ne. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale cikin ayyukan ƙananan hukumomi. In ma akwai wani kuɗi da za a nema a hannun mai keke, tsakaninsa ne da ƙaramar hukumarsa, Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu ko Wamakko. Babu ruwan direban da ke bayansa.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya a 2018. Yarjejeniyar ta ɗauki keke a matsayin abin hawa, ta kuma wajabta wa direbobi ƙarin kula da waɗanda suka fi rauni a hanya, ta ambaci masu tafiya a ƙasa da masu keke. Rainin da ake yi wa keke dai bai tsaya kan talaka ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, mai kiran a koma hawa keke, wata bas ta ture shi cikin lambatu a Abuja yana kan nasa keken.

Tun 2 ga Afrilun 1972 ake tuƙi a hannun dama a ƙasar nan, kuma mai tafiya a hankali shi ke riƙe dama. Amma riƙe dama gwargwadon abin da hanya ta bari ne. Ba a ce mutum ya shiga yashi ko rami ko bakin kwalbati don mota ta sami wuri ba. Mutumin nan yana daidai inda ya kamata ya kasance.

A duba awo. Faɗin layi ɗaya a irin wannan titi wajen mita 3.5 ne. Tayar keken tana mita ɗaya daga bakin kwalta, solon da ke hagu ya ƙara rabin mita, saura mita biyu. Ƙaramar mota tana da faɗin kusan mita 1.8. Abin da ya rage tsakanin madubin mota da kayan keke bai fi tafin hannu biyu ba. Ke nan babu yadda za a wuce mai keke mai kaya cikin layi ɗaya a zauna lafiya. Dole direba ya duba madubi, ya sa sigina, ya shiga layin hagu kamar zai wuce wata mota. Wasu ƙasashe sun sa lamba a kan wannan tazara. A Faransa mita ɗaya ce cikin gari da mita 1.5 a wajen gari, a Ingila kuma tun 2022 aƙalla mita 1.5. Direban da ya ɗauki mita ɗaya da rabi ya mai da ita al'adarsa bai yi asarar komai ba.

Daƙiƙa biyar da suka haifar da karon

Gudun kilomita 15 a awa kusan mita huɗu ne a daƙiƙa. Daga inda aka wuce shi zuwa bakin gidan mai, mai keken yana buƙatar daƙiƙa biyar. Motar, da take rage gudu daga 40 zuwa wajen 10 don ta shiga kwana, ta ci wannan tazara a kamar daƙiƙa uku. A lokacin da ta fara karyawa, mai keken ya ci mita 12, saura takwas tsakaninsa da gefen motar. Mutum yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin abin da ido ya gani ya kai ga hannu ya matse birki. Mita huɗu zuwa shida sun tafi ke nan. Abin da aka bar masa na tsayawa mita biyu ne zuwa huɗu, da kaya kilo 50 a bayansa, a kan kwalta mai ɓurɓushin yashi.

Da direban ya sassauta ya bi bayan keken har suka wuce bakin gidan man, daƙiƙa biyu zai rasa.

Laifin direban kashi uku ne, kuma kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Ya wuce abin hawa dab da inda zai karya kwana, alhali ƙa'idar wucewa ita ce kada ka wuce sai ka tabbata za ka koma hannunka ba tare da ka tilasta wa wanda ka wuce ya taka birki ko ya kauce ba. Ya karya kwana bai tabbatar hannun damansa babu kowa ba, kuma ba zai ce bai san da keken ba tunda yanzun nan ya yi masa oda. Sannan siginar da yake kafa hujja da ita ya kunna ta ne tare da murza sitiyari. Sigina sanarwa ce da ake bayarwa da wuri don na baya ya shirya, kuma ko da wuri aka ba da ita ba ta mallaka wa mutum hanyar wani. Oda ma haka. Direbobi da yawa sun ɗauka in sun danna oda sun sauke nauyi, duk abin da ya biyo baya na mai keke ne.

Hukuncin da jama'a suka yanke ya fito ne daga wata ƙa'ida da kowa ya haddace, wato wanda ya bugo daga baya shi ke da laifi. Ƙa'idar tana aiki ne idan abin hawa biyu suna bin juna a layi ɗaya, na baya ya ƙi barin tazara. A nan mai keke ba bin motar yake ba. Shi ne a gaba, aka wuce shi, aka gitta masa. Jikin motar ma ya faɗi haka: lotsewar tana ƙofar baya ta dama, da zanen kan keke a saman fenti, bamba ta baya kuwa ko ƙwarzane babu. Mota ba ta samun duka a ƙofar gefe daga abin da ke tafiya miƙe sai in ita ce ta gicciya. A ƙasa kuma akwai sawun tayar baya da ta ja, miƙe sak, wanda ke nuna mai keken bai kauce daga layinsa ba kuma ya yi ƙoƙarin tsayawa. Ƙafafun 'yan kallo sun shafe wannan sawu cikin minti biyu.

Abin da za a iya kamawa a wurin mai keke

Shi ma ba a wanke shi tas ba. Ƙa'ida ta nemi keke ya kasance da birki mai kamawa a tayar gaba da ta baya, da ƙararrawa, da fitila da abin ƙyalli a baya in za a yi tafiyar dare. An hana riƙe jikin mota mai tafiya, an hana ɗaukar kayan da za su hana sarrafa keken, an kuma nemi mai keke ya miƙa hannu ya nuna inda zai juya.

Birkin gaba na keken nan ba ya ci. Abu ne da ake yawan gani a kekunan dako: rim ya ɗan karkace, roba tana gogarsa a kowane zagaye, maimakon a kai wa mai gyara ya ɗaure sifoko ya miƙe rim ɗin, sai a sassauta goron sandar birkin gaba a huta. Robar ma ta cinye har ƙarfe ya fito. A lissafi, keke mai birki biyu masu ci yana tsayawa daga wannan gudu cikin abin da bai kai mita uku ba. Birkin baya kaɗai, da taya tana ja a kan yashi, yana iya cin mita biyar zuwa shida. Da birkinsa lafiya, ko dai ya tsaya dab da ƙofar, ko ya taɓa ta a hankali ya dire ƙafa. Gyaran kuwa roba huɗu ne da ɗaurin sifoko, a daidaita sanda yadda robar za ta kama rim tun hannun birki yana rabin hanya.

Kotu tana duba irin wannan. Idan wanda aka ji wa ciwo yana da nasa sakacin da ya taimaka, ba a hana shi diyya, rage masa ake yi gwargwadon rabonsa na laifin. Sharaɗin shi ne sakacin ya zama yana da hannu a abin da ya faru. Keken ba shi da fitila, amma da ƙarfe 7:30 na safe rashin fitila bai haifar da komai ba, don haka ba ya shiga lissafi. Da a ce da asuba ne, ko bayan magariba, da magana ta sauya. Bai sa hular kwano ba, wannan zai iya tasowa in ana maganar raunin kai, amma hula ba ta hana karayar hannu. Faɗin kayansa ma bai shigo ba, tunda ba a wajen wucewa aka taɓa shi ba. Birkin ne kaɗai ke tsayawa a kansa, shi ma tsananin bugun ya ƙara. Wanda ya ƙirƙiri hatsarin shi ne wanda ya gitta.

Akwai dabarar da tsofaffin mahaya suka sani, ko da yake rashin yin ta ba laifi ba ne. Duk motar da ta wuce ka sannan jan fitilarta na baya ya kama, alhali akwai gidan mai ko lungu ko ƙofar makaranta a dama, ka ɗauka shiga za ta yi, ka fara matse birki tun ba ka ga sigina ba. Ga tirela da tifa abin ya fi muni, musamman a hanyar Kalambaina inda motocin siminti ke kai da kawo. Babbar mota takan buɗe hagu kafin ta karya dama, sai a ga kamar ta bar fili. Tayoyinta na baya suna yanke kwanar ta ciki, direban kuma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙofarsa ta dama. Wannan fili ba a shigarsa.

Rabin awa na farko

A nan aka yi babbar asara, kuma masu neman alheri ne suka jawo ta.

Mutumin da kansa ya bugi kwalta ba a tayar da shi tsaye nan take a ce ya taka a gani. A bar shi a kwance in ba mota za ta taka shi ba, a tambaye shi sunansa da inda ya fito, a ga ko yana motsa yatsun hannu da na ƙafa. In yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi sai an tallafe kai da wuya a miƙe. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kyauta ce. Jikin da ya sha bugu yakan ɓoye ciwo na ɗan lokaci, shi ya sa "lafiya lau nake" ta bakin titi ba abin dogaro ba ce. Amai, ko barcin da ba a saba ba, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko rikicewar magana, ko ruwa daga kunne ko hanci cikin kwana biyu na farko, duk alamun a koma asibiti ne da gudu.

Kafin a matsar da komai, hoto. Duk mai waya a wurin zai iya: motar a inda ta tsaya da lambarta, keken a inda ya faɗi, lotsewar ƙofa, sawun taya, sai hoto ɗaya daga nesa da ke nuna bakin gidan man da yashin gefen titi. Minti ɗaya ya isa, sannan a buɗe hanya. A karɓi sunan direba da lambar wayarsa, a kira ta a gabansa a ji ta yi ƙara. A ɗauki hoton lasin da takardar inshora. A nemi shaidu biyu waɗanda za a sake samu gobe a wurin, kamar mai ba da mai ko mai shayi ko mai faci. Ɗan kabu-kabun da ya fito daga gidan man shi ya fi kowa ganin abin, shi ne kuma ya fara ɓacewa.

Doka ta ɗora wa direban da ya yi hatsarin da aka ji rauni ya tsaya, ya taimaka a kai mai rauni asibiti, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko FRSC cikin awa 24. A jadawalin dokar 2007, ƙin kai rahoton hatsari tararsa N20,000 ce, tuƙin ganganci N50,000. A titin cikin gari sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar motoci, wato MTD, shi ne ke buɗe fayil, su zana taswirar wurin, su sa jami'in duba lafiyar motoci, wato VIO, ya duba motar.

Tsoron da ke hana mutane kai mai rauni asibiti, wai sai an zo da takardar 'yan sanda, ba shi da tushe a doka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da asibitin ƙwararru na jiha, da asibitin ƙashi da ke Wamakko. Ko iyali sun fi natsuwa da ɗorin gida, a fara yin hoto a san irin karayar. Abin da ya kusa cin hannun mutumin nan ɗauri ne mai tsanani a kan hannun da bai gama kumbura ba. Kumburi yana ƙaruwa, karare ba sa buɗewa, jini ya kasa kai wa yatsu. Bayan haka, katin asibiti na ranar farko shi ne takardar da ke haɗa raunin da hatsarin. Wanda ya zo bayan kwana huɗu, ana iya ce masa a wani wuri ya faɗi.

Inshora, sulhu da kotu

Kowace mota a ƙasar nan wajibi ne ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna, kuma mai keke yana cikin waɗanda aka yi ta dominsu. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta NAICOM ta mai da kuɗinta N15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan uku. Keke Napep N5,000 ne da iyakar miliyan biyu, babur N3,000 da iyakar miliyan ɗaya. Wannan iyaka ta dukiya ce, wato keken da kayan da suka lalace. Rauni da rasa rai lissafinsu daban. Yawancin direbobi suna ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'i a shingen bincike, ba su san cewa da ita kuɗin asibitin wanda suka buge zai iya fita daga aljihun kamfani maimakon nasu ba.

Abu biyu ke kashe wannan hanya. Na farko takardar bogi, wadda ake haɗa wa mutum wajen sabunta takardun mota. Ana tantancewa ta waya da *565*11#, a sa lambar mota a ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Na biyu sulhun bakin titi. Kamfani yana son a sanar da shi da wuri, yana son rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da rasiɗan magani, da hotuna, da ƙiyasin mai gyara. Galibin takardun inshora kuma sun hana mai mota ya amsa laifi ko ya yi sulhu da kansa ba da sanin kamfani ba. N10,000 ɗin da aka miƙa ta rufe wa mutum biyun ƙofa ɗaya.

Masu kiran a yi haƙuri saboda tsautsayi ne sun faɗi rabin magana. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan garin nan bai ɗauki kuskure a matsayin abin da ke sauke lamuni ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid an faɗa ƙarara cewa mai kora dabba da mai jan ta da mai hawanta duk masu lamuni ne ga abin da ta taka. Rashin ganganci yana ɗauke ƙisasi, amma biyan ɓarna yana nan. Wanda aka cuta yana da ikon ya yafe, kuma yafiya abin yabo ce, sai dai mutumin nan ya yafe gyaran keke ne, bai san akwai karaya ba balle ya yafe ta.

Sulhun da ke riƙe haƙƙin kowa hawa biyu ake yinsa. A ranar farko abin da za a amince a kai kaɗan ne: direba ya kai mai rauni asibiti, a kai rahoto, a sanar da kamfanin inshora, a rubuta sunaye da lambobi, shaidu biyu su sa hannu. Ba a rubuta "an gama magana" a wannan takarda. Zama na biyu sai likita ya faɗi abin da ya gani da tsawon jinya, a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan gwari na kasuwarsu ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A nan ake lissafa kuɗin magani, da gyaran keke ko madadinsa, da kayan da suka lalace a farashin ranar, da cinikin makonnin da zai yi a zaune. A nan ne kuma direba zai kawo maganar birkin gaba a rage masa wani abu, kuma yana da gaskiyar kawowa. Wannan sulhu ya shafi haƙƙin mutum ne kawai. Tuhumar tuƙin ganganci ta hukuma ce.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar neman diyyar hatsari ga masu ƙaramin ƙarfi. A kula da lokaci. In motar gwamnati ce kuma direban yana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati takan taƙaita wa'adin shigar da ƙara zuwa wata uku.

Ga mutumin nan da ba a riƙe masa lambar mota ba, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma akwai. Ɗansa ko ɗan'uwansa ya kai rahoto MTD da takardar asibiti a hannu, ko da an makara. Keken kada a gyara shi tukuna, fok da rim ɗin shaida ne, a ɗauke su hoto a ajiye. A koma gidan man a daidai lokacin da abin ya faru, domin masu aikin safe su ne suka gani, kuma mai mota yakan sha mai a wuri ɗaya. In direban ya sha mai a ranar ya biya da kati ko tiransifa, sunansa yana cikin lissafin ranar, 'yan sanda suna iya nema a rubuce. In akwai kyamara a wurin, a gaggauta, domin yawancin na'urorin suna shafe tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni.